Goyon Suruki a Tekun Abhur

Shekarun baya, tun furfura ba ta fara leƙo mini a gemu ba, na yi aiki a wani wurin hayar baburan ruwa a Abhur, can arewacin Jidda. Mutanen nan dabbab suke ce wa babur ɗin. Aikina shi ne in sa wa mai haya rigar ruwa mai hana nitsewa, in ɗaure masa igiyoyinta, in nuna masa iyakar inda zai tsaya, sannan in koma inuwa in zauna. Ni ɗan Maraɗi ne. Ruwan da na sani shi ne na randa, sai na gulbi in damina ta yi kyau, kuma har yau da nake rubuta muku wannan ban iya iyo ba. Ga shi Allah Ya ba ni jiki, irin wanda in na shiga motar haya direba ke waiwayowa ya dubi tayar baya.

A wurin nan na haɗu da abokina, makanikinmu. Haifaffen unguwar Madain Fahd ne a Jidda, kakanninsa suka zo aikin Hajji a ƙafa suka zauna. Hausarsa rabi da rabi ce, in magana ta yi zafi sai ta zame masa zuwa Larabci, shi ya sa ma bai cika yin ta ba. Abu ɗaya aka san shi da shi a duk bakin ruwan: ba ya yabon ƙarfen da bai gwada ba. In ka kawo masa kaya cikin kwali mai ƙyalli ka ce ya gani, sai ya juya shi, ya ajiye, ya ce, “Sai ya sha ruwa tukuna.” Saboda haka masu wuraren haya suka mai da bakinsa ma'auni, abin da ya ce a saya shi ake saya.

Bari in ɗan yi muku bayanin abin, don ni ma sai da aka yi mini. Babur ɗin ruwa ba shi da farfela a waje kamar kwalekwale. A ƙarƙashin cikinsa akwai baki mai raga, nan yake zuƙar ruwa. A ciki akwai farfela da ke juyawa cikin wani zobe, ita ke tura ruwan ya fita ta bututun baya da ƙarfi, babur ya yi gaba. Duka wannan shi ne famfon, mutanen Jidda na ce masa turumba. Gishiri da yashi kan cinye wanda ya zo daga kamfani, to in an tashi canji, maimakon a mayar da irinsa, sai a sayi na wasu maƙera daban, kowa na cewa nasa ya fi gudu.

To, abokina yana neman aure a lokacin. Yarinyar tana aiki a wani kantin magani, suna son juna, iyaye sun sani, an kai gaisuwa an karɓa, sa rana kawai ya rage. Mahaifinta dattijo ne mai sayar da kayan gyara, shi ma haifaffen Jidda, Baba muke ce masa. Duk da zaman birni, mahaifiyar abokina ta yi masa tarbiyya irin ta gida. In ya hango Baba daga nesa sai ya cire takalmi. A durƙushe yake gaishe shi, ba ya haɗa ido da shi, ba ya cin abinci a gabansa. Na taɓa ganin ya ɓoye rabin sambusa a aljihun rigar aiki don motar Baba ta shigo, man ya yi masa taswira har yamma. Samarin wurin suna yi masa dariya, ni kuwa abin yana burge ni, don yana tuna mini gida.

A shekarar nan Baba ya yi wani babban yunƙuri. Da kayan mota yake sayarwa, sai ya ga harkar ruwa na tashe, ya tattara kusan duk abin da ya mallaka ya shigo da famfunan dabbab masu yawa, iri ɗaya. Farfelarsu mai tsananin karkata ce, bututun matsattse, ragar a buɗe. Wanda ya sayar masa ya rantse babu abin da zai kamo su. A daidai lokacin wani ɗan kasuwa daban ya kawo nasa irin, farfela mai sauƙin karkata, zoben baƙin ƙarfe mara tsatsa, da raga mai ɗan harshe kamar ludayi da ke kamfato ruwa. Hutun makarantu ya matso, lokacin da iyalai ke cika Abhur, kowane mai wurin haya na son ya canza famfunansa kafin nan. Sai suka haɗa baki suka ce makanikinmu ya gwada biyun ya faɗa musu wanda za su saya.

Baba da ya ji haka har murna ya yi. Ya zo da kansa ya sauke kwali a bakin warsha, wato rumfar gyaranmu, ya dafa kan abokina da ke durƙushe ya ce, “Gwada, ya waladi. Yaronmu ne kai, me zan ji?” Da ya tafi na dubi abokina na ce, “Ka ga sadaki ya zo da kansa.” Bai yi dariya ba.

Yadda ya yi gwajin nan shi ne farkon abin da ya sa na ƙara girmama shi. Ya roƙi kafilinmu, wato ubangidanmu mai wurin, babura biyu iri ɗaya, ya ɗaura wa ɗaya na Baba, ɗaya na ɗan kasuwar. Fetur iri ɗaya, cikin tanki daidai. Ya gwada su da safe ruwa na kwance kamar tabarma, ya gwada su da la'asar lokacin da iskar arewa ke tada igiyar ruwa a bakin mashigar teku. Da ya gama sai ya kwance famfunan ya musanya su, na wannan ya koma wancan, ya sake daga farko, don kada wani ya ce inji ne ya fi inji. Sannan ya ce masu haya ba su cika hawa su kaɗai ba, uba ne da ɗansa, ko miji da mata, don haka yana bukatar kaya a baya. Ya ɗaga kai yana dube-dube a warsha, idonsa ya sauka a kaina.

Na ce, “Kai, ka ji tsoron Allah. Ga buhunan yashi can.”

Ya ce, “Buhu ba ya motsi. Zabun yana motsi, yana tsoro, yana ihu. Inta bizzabt.” Wato ni ne daidai irin mai hayar da yake nema.

Haka na zama kayan gwaji. Rigar ruwa biyu na sa, ɗaya kan ɗaya, na karanta duk addu'ar da na haddace har da ta shiga kasuwa. Amma ko ni da idona ke rufe rabin tafiyar na ji bambancin a jikina. Da safe, abokina shi kaɗai a kai, famfon Baba ba a magana, ya bar ɗayan a baya kamar an ɗaure shi. Da na hau kuwa sai ya fara nishi kafin ya ɗago hanci daga ruwa. Da la'asar abin ya fi muni. Duk igiyar da muka haura, cikin babur ya rabu da ruwa, sai famfon ya zuƙi iska, inji ya yi kururuwa a banza, mu tsaya cak, sannan ya sake cafkar ruwa ya fizge mu har haɓata ta bugi ƙeyar abokina. Ɗayan bai kai shi gudu ba ko kusa, amma ya ɗaga mu ba gardama, kuma cikin igiyar ruwa ya riƙe kamar an dasa shi. A kansa ne kaɗai na iya buɗe ido na ga ashe Abhur na da kyau daga tsakiyar ruwa.

Da muka fito na ƙarshe, muka zauna a kan dakalin warsha. Abin a fili yake. Na Baba kayan ɗan tsere ne, mutum ɗaya, ruwa kwance. Mai wurin haya da zai ɗora uba da ƙaramin ɗansa da yamma, ɗayan ya kamata ya saya. Kuma in abokina ya faɗi haka, kayan Baba za su kwana a sito, a ce wanda ke neman 'yarsa ne ya kashe masa kasuwa.

Ni mutum ne mai son a rabu lafiya, na kuma iya lanƙwasa magana, don haka na kawo tawa dabarar. Na ce, “Ka ce musu na Baba ya fi gudu. Ƙarya ka yi? Ai ya fi gudu. Sauran ka bar wa cikinka. In an ɗaura aure sai a yi gyara.”

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce, “In yaro ya faɗo daga baya fa? Kai da kake babba sau nawa ka kusa faɗuwa?”

Na ce, “To je ka gaya wa Baba gaskiya a ɓoye.”

Ya girgiza kai. “Ni in dubi Baba in ce kayanka ba su yi ba? Wallahi ma agdar. Bakina ba zai iya ba.”

Ƙarya ba zai yi ba, gaskiya kuma kunya ta hana shi faɗa. Na ce masa to sai ya nemi tsuntsun da zai kai saƙon, don ni dai ba ni ba. Kwana ya yi yana juya abin, washegari ya same ni ina jera riguna ya ce in je shagon Baba in ce yana gaishe shi, yana kuma roƙon alfarma ya zo bakin ruwa da la'asar, don sakamakon gwajin ba na faɗa da baki ba ne, sai an hau. Na tambaye shi wa zai hau. Ya ce Baba. Na ce wa zai tuƙa. Ya sunkuyar da kai.

Ku da kuka san al'adarmu kun san girman wannan magana. Mutumin da ba ya iya shan ruwa a gaban surukinsa, shi ne zai goya shi a babur, ƙirji da baya. Na je na isar da saƙon ina jiran a kore ni. Baba ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Ni da na yi iyo a tsohuwar tashar jirgi tun ubanka bai san teku ba? Yalla, ina zuwa.”

Ya zo kuwa, cikin farar jallabiya mai guga. Ni na sa masa rigar ruwa. Abokina ya durƙusa ya gaishe shi a kan katakon gadar da ake hawa babur daga kanta, ya hau babur na farko ya zauna can gaba kamar zai haye kan sitiyari, don dai a sami tazara. Bai gaya masa wane famfo ke jikin wanne ba. Baba ya tattare jallabiya ya hau, ya kama igiyar kujera da hannu biyu, ya ƙi taɓa yaron. Suka fita a hankali, kowa ya miƙe kamar an sa musu sanda a baya. Ina tsaye ina kallo har suka kai bakin mashiga. Igiyar farko da suka haura na ji kururuwar injin daga inda nake, na ga babur ya tsaya ya fizga, sai ga hannayen Baba biyu sun zagaye cikin abokina. Daga baya abokina ya ce mini a duk rayuwarsa bai taɓa jin zafi irin na wurin da hannun nan ya taɓa ba, ya ce ji ya yi kamar ya faɗa ruwa ya huta.

Suka dawo, hular Baba ta tafi, jallabiya ta manne a jiki. Baba ya sauka ya hau na biyu da kansa. Wannan karon na ga sun yanka igiyar ruwan sumul, sun kewaya, sun dawo. Baba ya sauka ya zauna a kan kujerata, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Na miƙa masa tawul bai karɓa ba. Can ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, “Na farkon ne nawa?”

Abokina na durƙushe, idonsa a kan katako. Baba ya jira kaɗan, ya gyaɗa kai, ya miƙe ya cire rigar ruwan ya ajiye, ya shiga mota da jiƙaƙƙun kaya ya tafi, ko sallama babu.

Abin da ya biyo baya bai yi daɗi ba. A makon nan ne manyan abokina za su je sa rana, sai saƙo ya zo daga gidan Baba cewa a dakata. Ba a ce an fasa ba, ba a kuma ce sai yaushe ba. Yarinyar ta kira shi tana kuka, ta ce, “Ka kai mini uba teku ka jiƙa shi, ya dawo ya rufe ɗaki ba ya magana da kowa. Me ka yi masa?” Mahaifiyarsa ta yi masa faɗa, ta ce wane irin rashin ta-ido ne wannan. Na ga abokina ya rame a tsaye. Yana zuwa aiki, yana kwance ƙarfe yana ɗaurawa, amma shayin da na zuba masa sai ya huce a inda na ajiye. Ni kaina haushinsa na ji, na ce a raina ga hanya mai sauƙi na nuna masa ya ƙi. Masu wuraren haya kuma suka matsa, kullum sai an aiko, shi kuwa amsarsa ɗaya, a ƙara masa haƙuri.

Haƙurin ya ƙare wata ranar Alhamis. Masu wuraren haya suna da majalisa bayan magariba a gefen gada, shayi da gahawa da hira. Suka aiko a kira shi, na bi shi don kada ya tafi shi kaɗai. Babbansu ya ce, “Halas, hutu ya zo, mun gaji da jira. Yau za ka faɗa mana, wanne za mu saya?” Abokina ya tsaya a tsakiyarsu. Na san ba zai yi ƙarya ba, na kuma san in ya buɗe baki auren ya tafi. Ya ja numfashi zai fara ke nan, sai muka ji sallama daga baya.

Baba ne. Ban san wa ya gaya masa ana zaman ba. Aka tashi aka ba shi wuri, ya ƙi zama. Abokina ya zube ƙasa yana laluben takalminsa zai cire. Baba bai ko dube shi ba, ya fuskanci mutanen ya ce, “Ku bar yaron nan, ni zan faɗa muku. Na hau duka biyun da kaina, da yamma, a bakin mashiga. Nawa ya fi gudu in mutum ɗaya ne kuma ruwa na kwance. Wanda ke da ɗan tsere ya zo in sayar masa, ba zai yi nadama ba. Amma na haya, wanda za a ɗora yara a kai, kada ku sayi nawa. Ku sayi na mutumin can.”

Ɗaya daga cikinsu, wanda suka daɗe tare da Baba, ya ce, “Ya sheikh, kai da kayanka? Ai da ka bari makanikin ya faɗa, aikinsa ne.”

Baba ya ce, “A wurinku aikinsa ne. A wurinmu ba a tsayar da yaro a gaban jama'a a sa shi ya kushe kayan surukinsa.”

Larabawan suka gyaɗa kai kawai, su maganar famfo suka ji. Ni kuwa kalmar suruki na ji, don wannan ne karo na farko da ta fito daga bakin Baba, kuma a bainar jama'a. Na dubi abokina, yana nan durƙushe da takalmi ɗaya a hannu. Baba ya juya zai tafi, da ya zo daidai ni ya tsaya ya ce a hankali, “Kai mai riguna, ka ce wa manyansa ina gida gobe bayan Juma'a.”

Baba ya yi asara, ba zan ɓoye muku ba. Kaɗan ya sayar wa samari masu tsere, sauran ya karyar da su, ya koma kayan motarsa a shagon da bai kai rabin na da ba. An ɗaura aure bayan hutun, na ci shinkafa har na kasa tashi.

Na daɗe ina tunanin wa ya fi burge ni a cikinsu, har yau ban yanke ba. Da ina ɗauka kunya da gaskiya ba sa zama a tabarma ɗaya, dole ɗaya ta tashi ta ba ɗaya wuri, kuma ni a lokacin gaskiyar na so a tayar. Sai ga yaro ya riƙe duka biyun, ya yarda ya rasa matar da yake so a kan haka. Ga kuma dattijo da zafin asara ya rufe shi a ɗaki, amma ya fito ya faɗi aibin kayansa da bakinsa don kada yaron ya ɗauki nauyin faɗa. Kowannensu ya rufa wa ɗan'uwansa asiri, kuma ba wanda aka cuta a cikin masu hawa.

Bara Baba ya kwanta rashin lafiya, ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa. Yana da 'ya'ya maza, amma da aka zo hawa da shi bene bayan an sallamo shi daga asibiti, sai ya ture hannunsu, ya nuna abokina da ke raɓe a bakin ƙofa ya ce, “Shi zai goya ni. Na san bayansa.”